Jarka Mai Jan Waya

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku, ku da kuke kan kujera da ku da kuke ƙasa a kan darduma.

Baba Dattijo ya ce in yi magana a hankali saboda maƙwabtan sama, kuma duk wanda Halleluya ta zo masa ya faɗe ta a zuci. Zan yi ƙoƙari. Wannan ce Juma'ata ta ƙarshe tare da ku a wannan ɗaki na unguwar Safa, kuma ba na so in hau jirgin gida da maganar nan a cikina.

Saboda waɗanda suka zo kwanan nan: sunana Ayuba, mutumin wajen Malumfashi. Karatuna bai wuce firamare ba. Na koyi aikin wuta a Kaduna wurin ƙanen babana, na yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Ikko, daga can wani kamfani ya kawo ni Jidda. Matata Rifkatu da yaranmu suna Kaduna.

Aikina a kan jirgin ja ne, irin ƙananan nan masu ƙarfi da suke jan manyan jirage su shigo da su tasha. Ku da kuke aiki a asibiti da gidajen mutane, kuna ganin tekun Jidda daga bakin hanya, shuɗi, kwance, kamar ba ya cutar kowa. A ƙarƙashinsa duwatsun murjani ne ko'ina, masu kaifi. Hanyar da aka bar wa jirage 'yar siririya ce. Babban jirgi ba ya iya bin ta shi kaɗai, sai an riƙe masa hanci da igiya.

A jirginmu sitiyari da wuta yake aiki. In wuta ta ɗauke, matuƙi ya zama ɗan kallo. Shi ya sa ban da manyan janaretoci na ƙasa, akwai wani ƙarami a sama, a ɗakinsa shi kaɗai, janaretan ko-ta-kwana. Ba ya aikin komai, jira kawai yake yi. Da zarar wuta ta ɗauke, batura ne suke tayar da shi da kansu, kafin mutum ya gama juyawa. In kuma batura sun ƙi, akwai wani hannu na ƙarfe a gefensa da ake murɗawa, yana ɗaure wani ƙaton sifirin a ciki, in ya ɗauru sai a saki, ya buga injin ya tashi. Amma wannan yana cin lokaci, kuma a cikin hanyar nan lokaci ne ba a da shi.

Ni ne mai mabuɗin wannan ɗaki. Ni kaɗai.

Yanzu ga abin da ba ku sani ba, ko kuwa kun sani kun yi mini kara. Ni mashayi ne. Tun Ikko na fara, amma da zan zo nan na ce wa Rifkatu, "Ƙasar da babu giya za ni, Allah ya yi mini magani." Ashe akwai. A bayan wuraren gyara na unguwar Khumra, inda masaukinmu yake, wani abokin aiki ya nuna mini inda ake dafa wata aba da suke kira sadiki. Fara ce tas kamar ruwa. Ranar farko na ce saboda kewar gida ne. Daga baya na daina neman dalili.

Ina zuwa nan kowace Juma'a. Ni ne nake ba da waƙa. Kafin in hau matakalar nan sai na cika bakina da kanumfari. Wata rana Mama Talatu, da yake ita nas ce, ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Ayuba, idonka ba ya yi mini kyau. Akwai abin da kake so ka gaya mini?" Na ce mata gishirin teku ne. Mama, ki gafarta mini. Ba gishiri ba ne.

Kun san hukuncin ƙasar nan a kan giya: bulala, kurkuku, sannan a kore ka. A masauki ana bincike lokaci lokaci, don haka na rasa inda zan ajiye ta. Sai Shaiɗan ya ba ni dabara. Batura suna shan ruwa, wani tataccen ruwa da ba a sha, ana kawo mana shi a fararen jarkoki. Zafin Jidda yana busar da batir da sauri, saboda haka kullum akwai jarka biyu a ɗakin ko-ta-kwana. Na ɗauki ɗaya na zuba sadiki a ciki, na ɗaura mata jan waya a hannu don in riƙa gane ta. Ko mai gadin ƙofar tasha ya gan ni da ita, ruwan batir ne a hannun mai aikin wuta. Wa zai buɗe?

Na daɗe ina haka. Har ina yaba wa kaina wayo.

Akwai wani dattijo a jirginmu, Malam Haruna, mutumin Maraɗi, shi ne mai kula da igiyoyi. Ya fi kowa daɗewa a jirgin. Iyalinsa suna unguwar Mahjar a nan Jidda, 'ya'yansa mata a nan aka haife su, Larabci ya fi musu sauƙi a baki. Shi ne yake ja wa Musulmin jirgin salla a kan bene. Tun ranar da ya ji ni mutumin ƙasar Katsina ne ya ce, "Ashe ƙanena ne. Mu ne Katsinawan asali, ku 'yan gadin gida muka bari." Ya san ni Kirista ne, bai taɓa nuna mini bambanci ba. In matarsa ta yi tuwo, sai ya kawo mini nawa a kwano da murfi.

Wata ranar Asabar na kasa tashi. Na sha fiye da ƙima a hutun Juma'a, bayan na fita daga wannan ɗakin. Na aika cewa zazzaɓi nake yi. Shugaban jirginmu, wanda muke ce wa Rayyis, ya aiko direba ya karɓi mabuɗi, wai kada ɗakin ya zauna a kulle ba mai shiga. Kaina yana sara, na miƙa mabuɗin ban yi tunanin komai ba.

Da la'asar sai ga Malam Haruna a masauki, da kunu a fulas. Ya zauna a bakin gadona ya taɓa goshina.

"Jikin ba zafi, ƙane. To mi ke damunka?"

Na ce ciki ne.

"Sha kunun ga. Kuma kada ka damu da aiki, na cika maka baturanka, sun yi ƙasa sosai. Na ɗaure hanci da rawani saboda warin ɗakin nan naka, ban san yadda kake zama ciki ba. Jarka ɗaya ta ƙare, sai na ɗauki mai jan wayar."

'Yan'uwa, zan gaya muku gaskiya, domin gaskiyar ce ta kawo ni nan. Abin da ya fara zuwa zuciyata ba batura ba ne. Ba rayukan mutanen jirgi ba ne. Abin da na fara tunani shi ne: wayyo, ya zubar mini da abin shana. Ga inda na kai.

Na ce masa, "Na gode, Baba. Allah ya saka."

Ya ce, "Ba komai. Aikin ɗan'uwa ne."

Mutumin nan bai taɓa sanin warin giya ba tun da aka haife shi. Ya taimake ni ne da zuciya ɗaya.

Da na koma aiki na kulle kaina a ɗakin, na zuƙe ruwan baturan iyakar abin da zan iya, na zuba mai kyau. Na ɗauka na tsira. Amma abin ya riga ya shiga jikinsu. Mako yana bin mako, suna ta raguwa. Ɗakin ya fara wani warin tsami. In na danna maɓalli, injin sai ya juya a kasalance kamar tsohon da aka tasa daga barci. Wata rana ya ƙi juyawa gaba ɗaya.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in je in ce wa Rayyis batura sun mutu, a kawo sababbi. Amma ba su daɗe da zuwa ba, kuma dokar kamfani ita ce sai an kai tsofaffin wurin gyara a Khumra an buɗe an ga abin da ya kashe su. Duk wanda ya buɗe murfin zai ji. Sai na yi shiru.

Muna da al'ada a jirgin. Kowace Alhamis kafin a tashi hutu, nakan gwada janaretan ko-ta-kwana. Rayyis ba ya saukowa, yana ɗakin tuƙi. In ya ji ƙarar injin ya ga hayaƙi, sai ya fito da hannu ta taga ya ɗaga mini, shi ke nan an gama. Gwajin gaskiya shi ne a bar batura su tayar da shi. Ni kuwa sai in rufe ƙofa, in murɗa hannun ƙarfen nan, in saki, injin ya tashi. Rayyis ya ji ƙara, ya ɗaga hannu. Don kada hannun ya yi kuka a ji daga waje, kowane mako sai na shafe shi da man giris.

Haka nake tura mutane teku kowace safiya, ina sane da cewa abin da suka dogara da shi mushe ne. Ina kallon Malam Haruna yana naɗe igiya yana 'yar waƙarsa, ina kallon mai dafa mana abinci yana nuna hoton jaririnsa. Na sani. Kuma da yamma in koma in sayi wata sadiki, don in manta cewa na sani.

Lokacin aikin hajji ya gabato, jiragen raguna suka fara tururuwa daga tsallaken teku. Wanda bai taɓa ganinsu ba, ya yi tunanin bene mai hawa da yawa, kowane hawa cike da tumaki, warinsu yana riga su isowa. Aiki ya yi yawa, ba hutu. Ɗaya daga cikin manyan janaretocinmu an sauke shi an kai gyara, muna tafiya da ɗaya. Na ji haka, amma ban gaya wa kowa halin da batura suke ciki ba.

Ran nan da azahar, rana tsaka, iska tana kaɗawa daga arewa, muka ɗaura igiya a hancin wani jirgin raguna muka shiga hanyar da shi. Ma'aikatansa suna ta wanke benayen, ciyawa da kashin dabbobi suna zubowa cikin ruwa a kewaye da mu. Janaretanmu da ruwan teku yake hucewa. Ciyawar nan ta toshe masa maƙogwaro, ya yi zafi, ya mutu.

Ina tsaye a bene ina shan shayi. Na ji fankoki sun yi shiru. Kowa ya juya ya dubi ɗakin ko-ta-kwana, yana jiran ƙarar da ya saba ji kowace Alhamis.

Ba abin da ya tashi.

Rayyis haifaffen Jidda ne, kakanninsa daga Kano suka zo aikin hajji suka zauna. Hausarsa ta kakarsa ce, in ransa ya ɓaci sai ta gauraye da Larabci. Ya leƙo ta taga yana ihu, "Ya Ayuba! Babu sitiyari! Yalla, yalla, wuta!"

Bari in gaya muku halin da muke ciki. Jirginmu ya fara karkacewa, babban jirgin kuma yana ci gaba da tahowa, don abu mai nauyi haka ba ya tsayawa nan take. Igiyar da take gabansa ta fara komawa gefenmu. In ta ja mu ta gefe, kifar da mu za ta yi kamar ƙwarya. In kuma Rayyis ya sa aka sake ta, iska za ta tura jirgin ragunan kan duwatsu, da mutanen cikinsa. Malam Haruna yana tsaye kusa da igiyar da gatari a hannu, yana jiran umarni. In igiya mai tauri haka ta tsinke, wanda yake kusa da ita take fara nema.

Na ruga. Mabuɗi ya faɗi daga hannuna, na ɗauka, ya ƙi shiga. Hannuwana rawa suke yi, domin tun safe ban samu na sha ba. Na shiga, na kama hannun ƙarfen na fara murɗawa. Bene ya karkace har jarkokin suka gangaro suka bugi ƙafata. Don gaggawa na saki tun sifirin bai gama ɗauruwa ba. Injin ya yi tari ɗaya ya yi shiru.

Daga waje ina jin kukan tumaki, ina jin igiya tana ƙara, ina jin muryar Malam Haruna yana salati.

A nan ne na durƙusa, ba don tsoron Allah ba da farko, tsoron mutuwa ne ya kai ni ƙasa. Na rungumi hannun ƙarfen nan. Shekaru ina ba da waƙa a gabanku, amma ban tuna ranar da na yi magana da Yesu da bakina na gaskiya ba. Na ce, "Yesu, ni ne. Ni na kashe baturan nan. In za ka ɗauke ni, ka ɗauke ni, amma dattijon nan bai yi komai ba. Ka riƙe mini hannuna. In ka fitar da mu, ba zan ƙara ɓoyewa ba."

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Abin da na sani shi ne rawar hannuna ta tsaya. Ta tsaya cak. Na murɗa a hankali, kamar ranar Alhamis, kamar ba abin da yake faruwa a waje. Zuciyata tana cewa saki, saki, amma wani abu ya hana ni har sai da na ji sifirin ya kai ƙarshensa. Sannan na saki.

Ya tashi! 'Yan'uwa, ya tashi!

Fitilar ɗakin ta kama. Na ji famfon sitiyari ya ɗauki kuka, na ji jirgin yana miƙewa a ƙarƙashin gwiwoyina a hankali, jarkokin suka gangara suka koma inda suka fito. Na zauna a ƙasa cikin hayaƙi ina kuka kamar yaro.

Ku duba ikon Allah. Mai gyaran injinmu ya gaya mini daga baya cewa a yawancin jiragen da ya yi aiki, hannun nan tsatsa take cinye shi, don ba mai taɓa shi. Nawa yana santsi ne saboda ƙaryar da nake yi da shi kowane mako. Ban faɗi haka don in wanke ƙarya ba. Da ban yi ta ba, da batura sun tayar da injin tun kafin igiya ta karkace. Amma Ubangiji ya ɗauki abin kunyata ya ceci mutane da shi.

Muka kai jirgin ragunan wurinsa lafiya, muka ɗaure namu. Ma'aikata suka kewaye ni. Mai dafa abinci ya sumbaci kaina. Malam Haruna ya riƙe hannuna da nasa biyu ya ce, "Ƙane, yau kai Allah ya ba mu." Kuma, ku gafarce ni, abin ya yi mini daɗi. Wata murya a cikina ta ce: ka gani, an wuce wurin, Allah ya rufa maka asiri, wannan alkawarin na cikin tsoro ne.

Sai Rayyis ya sauko. Bai yi murmushi ba.

"Barakallah, ya Ayuba. Amma me ya sa bai tashi da kansa ba? Buɗe mini ɗakin."

Muka shiga, sauran suna bakin ƙofa. Ya tsuguna ya kwance murfin batir ɗaya, ya kai hanci. Ya kwance na biyu. Ya daɗe a tsugune. Mutum ne da ya yi shekaru a teku da ma'aikata iri iri, ya san warin.

Ya ce, "Wannan ba ruwa ba ne. Wa ya zuba wani abu a nan ban da kai?"

Kafin in buɗe baki, Malam Haruna ya matso.

"Ni ne, Rayyis. Ranar da ba shi da lafiya. Daga jarka na zuba."

"Kai, ya Hajj?" Rayyis ya miƙe tsaye. "Ka san abin da ka zuba? Khamr ce. Giya. Daga ina ta shigo jirgina?"

Wani daga baya ya ce a hankali, "Shi da yake ja mana salla." Na ga fuskar Malam Haruna ta canja. Ya dubi hannuwansa. Sannan na ga ya gane. Ya tuna jan wayar, ya tuna zazzaɓin da ba zafin jiki. Na jira ya nuna ni da yatsa.

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ban san ko mi ne ba, Rayyis. Allah shi ne shaidata."

Rayyis ya ce, "Ni dole in kai magana sama. Ayuba ya ceci jirgi a gaban kowa. Kai ka ce da bakinka kai ka zuba. Me kake so in gaya musu?"

Na san abin da zai biyo baya. Za a kira 'yan sanda. Dattijo mai furfura zai kwanta a yi masa bulala. Za a soke iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar nan, a kwashe 'ya'yansa mata a kai su ƙasar da ba su taɓa gani ba. A Mahjar kuma, har ya mutu, sunansa liman mai giya. Ni kuwa abin da ake bukata daga gare ni kawai shi ne in ci gaba da yin shiru, abin da na riga na gwanance a kai.

Na dubi hannuna, na tuna wanda ya riƙe shi ɗazu. Na ce a zuci, "Yesu, ka riƙe mini bakina kuma, ka buɗe shi."

Na ce, "Rayyis, tawa ce."

Na faɗi duka. Jarkar, jan wayar, zazzaɓin ƙarya, gwajin Alhamis. Na ce kowace safiya da muka fita tun daga ranar da batura suka mutu, na san ba mu da wutar ko-ta-kwana. Mai dafa abinci, wanda ya sumbaci kaina ɗazu, ya tofar da yawu a teku.

Rayyis ya miƙo hannu. "Mabuɗi."

Na ba shi.

"Kowace Alhamis ina ɗaga maka hannu," in ji shi. "Kamar wawa." Ya juya ya kalli ruwa. Sannan ya ce, "Kakata takan ce kada a mayar da mai gaskiya abin tausayi a gaban jama'a, in ba haka ba gobe ba wanda zai ƙara faɗinta. Ba zan kira 'yan sanda ba. Zan gaya wa kamfani mai aikin wuta ya kashe batura da sakacinsa ya kuma ɓoye, wannan gaskiya ne. Ba za a sabunta maka iƙama ba. Kafin lokacinka ya cika, goge bene za ka riƙa yi. In na sake jin warin nan a jikinka, wallahi da kaina zan kai ka. Khalas, magana ta ƙare."

'Yan'uwa, an kore ni daga aiki a gaban mutane, amma na sauka daga jirgin nan ina jin jikina sakayau, kamar wanda ya sauke buhun siminti daga ka. Rabona da numfashi irin wannan har na manta.

Ba a nan wahala ta ƙare ba. Daga tasha gidan nan na zo kai tsaye na gaya wa Baba Dattijo. Bai yi mini wa'azi ba, ya shimfiɗa mini katifa a wancan lungun. Kwanakin farko jikina ya nemi abinsa da ƙarfi: zufa, amai, rawar jiki, ina ganin abubuwa suna tafiya a bango. Mama Talatu tana tasowa daga aiki ta zo ta duba ni. Wasunku kun yi azumi saboda ni ba ku san dalili ba, an ce muku kawai wani ɗan'uwa yana cikin yaƙi. Ni ne. Tun daga ranar jirgin ragunan har yau, ko ɗigo bai shiga bakina ba. Ba ƙarfina ba ne. Na san iyakar ƙarfina, na gan shi yana rawa a kan mabuɗi.

Na kira Rifkatu a waya na gaya mata. Sai ta ce, "Ka dawo gida. Gara ka dawo hannu wofi da a kawo mini akwatin gawarka."

Abin da ya rage mini shi ne Malam Haruna. Ya daina yi mini magana. Kwanon tuwo ya daina zuwa. Na same shi wata rana shi kaɗai yana gyaran igiya, na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Da hannun ga nake alwala. Ka bari na ɗauki abin nan da shi, har ka ce mini Allah ya saka. Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi. Yana da gaskiya. Na ci gaba da goge bene, ina addu'a kada in bar ƙasar nan da fushinsa a kaina.

Aka kawo sababbin batura, Rayyis ya ba Malam Haruna mabuɗin kafin sabon mai aikin wuta ya iso. Gwajin Alhamis ma ya canja: yanzu Rayyis da kansa yake saukowa, a kashe wuta da gangan, ƙofa a buɗe, kowa yana kallo har injin ya tashi da kansa. Bayan haka a gwada hannun ƙarfen shi ma.

Alhamis ɗin da ta wuce, jiya ke nan, ita ce ranata ta ƙarshe a jirgin. Ina durƙushe da tsumma sai na ji an ce, "Kai, ɗan gadin gida."

Na ɗago. Malam Haruna ne a ƙofar ɗakin ko-ta-kwana, da sabuwar farar jarka a hannu.

"Zo nan. Zan zuba wa batura ruwa, kuma ni an taɓa cuta ta. Kai ne gwanin abin ga a jirgin nan. Shinshina mana."

Ma'aikata suka fashe da dariya, har Rayyis. Na zo na karɓi jarkar, na buɗe, na kai hanci. Ba warin komai.

Na ce, "Ruwa ne, Baba."

"Ka tabbata?"

"Ruwa ne zalla."

"To riƙe mini mazurari, hannunka ya fi nawa tsayawa yanzu."

Na riƙe, ya zuba. Da muka gama Rayyis ya sa aka kashe wuta. Fankoki suka yi shiru. Kafin in ja numfashi, injin ya tashi da kansa. Malam Haruna ya dafa kafaɗata ya ce, "In ka isa, ka gaida mutanen gida. Kwanon tuwonka yana wurin mai dafa abinci, kada ka bar mini shi a jirgi."

Wannan ita ce shaidata. Na gode wa Yesu da ya riƙe hannuna a ɗakin nan, ya kuma buɗe bakina a gaban Rayyis. Na gode masa saboda ran Malam Haruna da mutuncinsa, da 'ya'yansa da suke kwana a gidansu. Na gode muku da kuka ɗauke ni lokacin da ba na iya tsayawa.

In akwai wani a ɗakin nan da yake da tasa jarkar a ɓoye, wanda yake tayar da ƙara kowace Juma'a don a ɗaga masa hannu alhali ya san abin da yake ciki ya mutu, ina roƙonka, kada ka jira ranar da wuta za ta ɗauke. Ka gaya wa Yesu yau, ka gaya wa Baba Dattijo kafin ka sauka matakala. Za ka iya rasa aiki, ni na rasa. Amma ina barci yanzu, kuma jibi zan dubi matata a ido.

Ku dogara gare shi. Ku riƙa tunawa da ni a addu'a, ku sa da Malam Haruna da mutanen jirginmu duk lokacin da suka fita. Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Ku ce Amin, a hankali.